Ranar da ban amsa gaisuwar asuba ba

Ni haifaffen Funtua ne, a can na yi wayo. Mahaifina awon auduga yake yi wa wani attajiri, a zamanin da manyan motoci ke jerin gwano zuwa injin gurza. A layinmu akwai gidan wasu Gobirawa da suka taso daga Tsibiri ta ƙasar Maraɗi, su ma audugar ce ta kawo mahaifinsu. Ɗansu na uku sa'ana ne. Tare aka kai mu makarantar allo, tare muka shiga firamare, tare aka zane mu a kan satar rake. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa, to mu biyu ba mu taɓa ajiye shi ba. Ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba, "bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa "Bagobiri" kawai.

Girma ya raba mu. Ni na yi difloma a lissafin kuɗi, na yi ta yawo da takardu ofis-ofis har takalmi ya cinye. Shi kuwa ya bi kawunsa sayar da kayan gyaran mota, daga Maraɗi ya nausa har Agadas, ya kafa shago, ya yi aure a can. A 2009 wani dillalin albasa ɗan garinmu ya ce in biyo shi Legas in riƙe masa littafi a kasuwar Mil 12. Mota ta iso daga Aliero ko Sakkwato cikin dare, in ƙirga buhu, in rubuta wa ya ɗauka bashi, nawa aka ba 'yan dako, nawa ne la'ada. Aiki ne da ba shi da lokacin cin abinci. Wata rana ka karya kumallo da hantsi, wata rana sai azahar ta gota. Iyalina na bar su a Funtua wajen mahaifiyata, ni kuma na kama ɗaki guda a Agiliti, bayan kasuwa.

A 2016 jikina ya fara canjawa. Ƙishirwa ba ta yankewa, dare kuwa fitsari ya hana ni barci. Wandona ya fara zamewa, mutane na cewa Legas ta tsotse ni. Da lambobin da ke cikin littafina suka fara yi mini dishi-dishi na tsorata na je asibiti, don idon nan shi ne jarina. Likita ya ce wanda ya kwana bai ci komai ba, in gwajin sugan jininsa ya nuna 126 ko sama, yana cikin masu ciwon suga, ni kuwa nawa ya ninka haka har da ɗoriya. Aka ɗora ni a kan ƙwayoyi iri biyu, metformin da glibenclamide. Bayan shekara huɗu suka gaza riƙe shi, aka mayar da ni allurar insulin, irin farar nan da ake murza kwalbarta a tafin hannu kafin a zuƙa, sau biyu a rana, kafin karin kumallo da kafin abincin dare. Da yake ba ni da firiji, a cikin ɗan tulun ƙasa nake ajiye ta, in naɗe a leda.

Duk wanda ya zauna da masu wannan ciwo ya san tsoronmu gefe ɗaya yake kallo. "Suga ya hau." Shi ke nan maganar. Ka bar shinkafa, ka koma acca da alkama, ka sha ruwan shuwaka, ka jiƙa garahuni, ga mai magani da lasifika yana rantsuwa zai warkar da kai cikin mako. Kowa na ba ka labarin wanda aka yanke wa ƙafa ko wanda ƙodarsa ta tsaya, kuma gaskiya ne, hawan suga na yin wannan ɓarna a hankali cikin shekaru. Amma saukarsa, wadda ke iya gamawa da mutum a dare ɗaya, ba ta cikin hirar kowa. A asibiti an faɗa mini cewa in na ji rawar jiki da zufa in sha abu mai zaƙi. Jimla ɗaya ce a cikin dogon jawabi, ga layi a bayana.

Ciwon kuma ɓoye shi na yi. Matata ta sani, mahaifiyata ta sani, sai Bagobiri. Wanda bai yi zaman ci-rani ba zai ga wauta ce, amma ina da dalili. Mai riƙe wa mutane lissafin miliyoyi, ranar da aka ce yana da ciwon da ke taɓa ido, ranar aka fara neman wanda zai gaje shi. Allurar ma sai na kulle ƙofa nake yin ta, don kada wani ya hango sirinji ya ɗauka wani abin nake ɗura wa kaina.

Dalilin da ya sa na gaya wa Bagobiri, mahaifinsa ma yana da shi. Tsohon ya koma Tsibiri bayan kasuwar auduga ta mutu, yana shan ƙwayoyinsa ba fashi. A daminar 2018 zazzaɓi ya kwantar da shi, ba ya iya cin komai, amma iyalinsa don ƙauna ba su bar shi ya tsallake maganin suga ko sau ɗaya ba. Cikin dare ya fara surutai, yana zufa, yana fizge-fizge. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Da gari ya waye aka kai shi asibiti ba ya motsi, gwajin farko ya nuna suga ne ya faɗi warwas. An ɗura masa ruwan suga ta jijiya, amma an makara, bai farfaɗo ba. Bagobiri ya zo dubiya, shi ya riƙe masa kai ana hayaƙin. Da na kira shi ta'aziyya abin da ya ce mini ke nan: "Bawana, akwai kwalin suga a ɗakin. A kan taga yake, muna kallonsa."

Daga wannan shekara ya ɗauki wata al'ada. Kullum in ya fito masallaci da asuba sai ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp. Ba wata doguwar magana: "Bawana, ka tashi? Ka ci wani abu kafin ka fita nema wa iyayengijinka kuɗi." In mayar masa da baƙar magana daidai da tasa, kowa ya kama harkarsa. Wani lokaci har takura ni abin yake yi, musamman ranar da motoci suka iso tare. Wata rana kuma ya ce in ba shi lambar wanda ya fi kusa da ƙofata. Na ce me zai yi da ita, daga Agadas zai aiko a kama ni? Ya nace. Na ba shi ta wani yaro mai shayi ɗan Tawa da ke da tebur a bakin gidanmu, don dai ya ƙyale ni.

Sai ga watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga wata, sababbin kuma ba a ganin su. Mutum na da kuɗi a banki yana kwana da yunwa. Turawa ta waya kuma sai kuɗi ya fita daga wajenka ya maƙale a hanya. A kasuwarmu tumatir ya yi ta ruɓewa a kwando don masu saye ba su da abin biya a hannu.

Ranar da abin ya faru, tun safe maigidana ya aike ni banki a wajen Ojota ko za a samu abin sallamar 'yan dako. Na wuni a layi a tsaye, rana na dukana, aka rufe ƙofa ban samu ko sisi ba. Kwandasta ba ya karɓar alkawari, don haka a ƙafa na dawo. Na iso bayan magariba, na yi salla, na yi allurata kamar kullum, don ƙa'idarta ke nan, a yi ta kamar rabin awa kafin a ci. Na fita wajen mai tuwon da nake ci a wurinta shekara da shekaru, na tarar da rumfa a rufe. Ashe ranar ba ta ɗora tukunya ba, ba ta samu tsabar kuɗin sayen gari da gawayi ba. Mai shayi burodinsa ya ƙare tun la'asar, ya tafi nema. Na dawo ɗaki, na watsa ragowar gyaɗa a baki, na ce bari in ɗan miƙe ƙafa in sake fita bakin titi. Gajiya ta ci ƙarfina, barci ya kwashe ni.

Abin da nake iya tunawa kaɗan ne, kuma a yayyanke yake. Na farka cikin duhu jikina sharkaf, har katifa ta jiƙe, zuciyata na dukan uku-uku. Na san akwai abin da ya kamata in yi. Wallahi na sani. Akwai alewa a aljihun rigar da na rataye a ƙusa, taku biyu daga inda nake kwance. Ina kallon rigar, ina jin tana da alaƙa da ni, na kasa gano mece ce alaƙar. Can na ga waya na haske, na zuba wa hasken ido yana ba ni sha'awa. Mutane na yawan tambayata, me ya sa ba ka kira wani ba, me ya sa ba ka buga ƙofa ba? Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta ajiye na gobe, abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci. In ya yanke, hankalin da za ka nemi taimako da shi ne yake fara tafiya. Mai ciwon ciki zai yi ihu a ji shi. Mai saukar suga yana iya kwanciya shiru, ko ma ya yi faɗa da wanda ya zo taimakonsa.

Sauran labarin daga bakin mutane na ji shi.

Bagobiri ya aiko saƙonsa da asuba. Ya buɗe shago, ya duba, ya ga saƙon ya shiga amma ba a saurara ba. Ya ce a ransa ko mota ce ta iso. Rana ta fito, shiru. Ya kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya yi ta maimaitawa, har Allah ya sa yatsana ya taɓa wayar. Ya ce muryar da ya ji ta mai maye ce, harshe ya yi nauyi, ina ta nanata kuɗin buhun albasa, ina kiransa Baba. Gwiwoyinsa suka yi sanyi, don ya taɓa jin wannan murya a Tsibiri. Bai tsaya ja da ni ba, ya katse ya buga wa mai shayi.

"Ƙanena, bar abin da kake yi. Malamin nan mai littafi, je ka buga masa ƙofa. In bai buɗe ba ku ɓalle ta, ni zan biya. Ka tafi da suga da kofi."

Yaron ya buga, ba amsa sai gurnani. Ya kira 'yan dako biyu suka sa kafaɗa, sakata ta fita. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika. Suka same ni rabi a katifa rabi a ƙasa, ido a buɗe, ba na gane kowa. Nan fa kowa ya zama likita. Wani ya ce iska ce, a kawo habbatussauda, a kira mai ruƙiyya. Wani ya ce a'a, masu shiru-shirun nan su ne ke shaye-shaye a ɓoye, ga ma sirinji nan. Matar mai gidan tana ta ihu da Yarbanci kada a bari in mutu mata a gida.

Mai shayi ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Bagobiri ya ce a tayar da ni zaune, a jingina ni, a gwada mini ruwa cokali ɗaya a ga ko ina haɗiyewa. Aka ce ina haɗiyewa. Ya ce to a dama suga a rabin kofi a riƙa ba ni kaɗan-kaɗan, ciwon suga gare ni.

Sirrin da na daɗe ina riƙo ya fashe ke nan, kuma maimakon ya sauƙaƙa lamarin sai ya dagula shi. Wani dattijo mai sayar da barkono, mutumin kirki wanda nake girmamawa har gobe, ya riƙe hannun yaron. "Kai, kana da hankali? Mai suga za ka ɗura wa suga? Kashe shi za ku yi?" Mutane suka goyi bayansa, don a iya saninsu gaskiya ya faɗa. Yaron ya tsaya da kofi a hannu, ga dattijo a gabansa, ga murya a waya ta mutumin da bai taɓa gani ba.

Bagobiri ya ce, "Baba, don girman Allah ku sakar masa hannu. Ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Haka mahaifina ya tafi muna masa hayaƙi. In wani abu ya same shi ku ce ni ne, ga lambata nan a hannunku." Yana magana yana kuka, in ji su. Dattijon ya saki hannun.

Cikin kamar minti 15 na dawo hayyacina. Abin dariya, farkon abin da na ji haushi ne: me ya tara mutane a ɗakina, wa ya ɓalla mini ƙofa? Sai na ji ana cewa daga waya, "Bawana, ka gane ni?" Na ce, "Wa ya haɗa ni da Bagobiri da sassafe?" Ya ce a haɗa mini shayi da abin da za a samu in ci yanzu-yanzu, sannan a sa ni a Keke a kai ni asibiti, kada a yarda wai na warware.

Likitar da ta duba ni ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Yadda na fahimce shi da harshen kasuwa, insulin kamar 'yan dakon da ka riga ka biya ne, in sun shigo sai sun kwashi kaya, ko mota ta iso ko ba ta iso ba. Na yi allura, abinci bai zo ba, sai ta kwashe ɗan sugan da ke cikin jinin. Ga tsayuwar wuni da doguwar tafiya sun riga sun cinye ajiyar da hanta ke yi, wadda da ita jiki ke ceton kansa cikin dare. Irin allurar tawa kuma mafi yawanta mai jinkirin aiki ce, ƙarfinta na kaiwa ƙololuwa sa'o'i bayan an yi ta, lokacin mutum na barci.

Ta ce duk gwajin da ya nuna ƙasa da 70 sauka ce, a na'urar da ke amfani da wani ma'aunin daban kuwa 3.9 ke nan. Ƙasa da 54 an shiga haɗari sosai. Yana farawa da rawar hannu, zufa mai sanyi, matsananciyar yunwa, faɗuwar gaba da jiri. In aka wuce nan sai ruɗewa, nauyin harshe, fushi ba dalili, tangaɗi, daga nan suma ko fizge-fizge irin na farfaɗiya. Maganinsa tun da wuri gram 15 na abu mai zaƙi mai saurin shiga jini: ƙwayar sugan kwali uku ko huɗu, ko babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai suga. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Ta ja kunnen mai shayi, da yake shi ya rako ni, a kan abu ɗaya: wanda ya suma ko ba ya iya haɗiya, ba a ɗura masa komai a baki, don zai iya sarƙe shi ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a gaya musu tun daga ƙofa mai suga ne. Da yaron ya ba ta labarin gardamar da aka yi, ta ce in ka tarar da mai suga a ruɗe, babu na'urar gwaji, kuma yana iya haɗiya, ba shi sugan. In hawa ne, cokali ɗaya ba zai ƙara masa wani abin a-zo-a-gani ba kafin a kai asibiti. In sauka ce, ka ceci rai.

Ta ƙara da abin da ya tuna mini da tsohon Tsibiri. Ba masu allura kaɗai abin ke samu ba. Ƙwayoyi irin su glibenclamide na tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, kuma suna daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, har mutum ya farfaɗo ya sake faɗuwa bayan sa'o'i. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna saukar da suga. Wanda kuma ya daɗe da ciwon, jikinsa na iya daina yi masa gargaɗi, ba rawa ba zufa, sai dai kawai a ga ya ruɗe.

Abin da ya biyo baya ya fi mini ranar kanta wuya. Barci ya zama abin tsoro. In kwanta in ji gabana na faɗuwa, in tashi in soki yatsa, in ga lafiya lau, in koma, in sake tashi. 'Yan fallayen da ake ɗiga jinin a kai ga tsada, na ƙarar da na wata guda cikin 'yan kwanaki. Sai tsoro ya sa na koma cika ciki da daddare, ina rage allura don in kwana da suga a sama. Likitar ta gane tun kafin in faɗa. Ta ce mutane da yawa haka suke yi bayan irin wannan faɗuwa, amma gudun mutuwar dare ɗaya kada ya kai ni ga makanta da ciwon ƙoda. Ta daidaita mini allurar dare, ta ce in riƙa gwaji kafin in kwanta, kuma kada in soka allura sai abincin yana hannuna.

Matata da ta ji ba ta yi faɗa ba, shiru ta yi a waya, sannan ta ce, "Malam, da a ce bai kira ba fa?" Mahaifiyata kuwa umarni ta bayar: in tattaro in dawo, arzikin Ikko bai kai raina ba. Na yi kwanaki ina juya maganar. In na koma Funtua, da me zan sayi insulin ɗin, da me zan biya kuɗin makarantar yara? In na zauna, wa ke gare ni? A ƙarshe na roƙe ta ta bar ni, bisa sharaɗin ba zan ƙara kwana ni kaɗai a bayan sakata ba. Na ɗauko ɗan yayata da ya gama sakandare yana zaune ba aiki, na koya masa gwaji, na nuna masa inda suga yake. Mai shayi na riƙe da mabuɗi na biyu.

Tsoron da na yi na fallasa kuma ba a banza na yi shi ba. Maigidana ya yi mini jaje da kyau, ya biya kuɗin asibiti, bayan 'yan watanni ya kawo wani yaro wai ya riƙa taimaka mini da littafi. Yau rabin aikin a hannun yaron yake, rabin abin da nake samu ma haka. Ban riƙe shi a zuci ba, dukiyarsa yake karewa. Abin da ban zata ba shi ne mutanen da suka fara zuwa mini a asirce bayan isha'i, wannan ya ce shi ma yana da shi, wancan ya ce matarsa ce a gida. Ashe muna da yawa a kasuwar, kowa na ɓoye wa kowa.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ko wata biyu ba a yi da faɗuwata ba. Likita ta ce wanda suga ya kayar har sai da wani ya cece shi a 'yan watannin nan yana cikin waɗanda azumi ke da babban haɗari gare su. Na tafi wajen malaminmu ina fatan ya ce in daure. Sai ya karanto mini ayoyin Baƙara da suka yi wa mara lafiya rangwame, ya ce wanda ake sa ran zai samu sauƙi ya rama, wanda ciwonsa ya zaunu ya ciyar, kuma jefa kai cikin halaka ba ibada ba ce. Tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. Ranar farko da na ja labule na ci abinci da rana, hawaye na zuba a kwano. Masu sugan da likita ya yarje musu su yi, abin da aka gaya mana shi ne su riƙa gwaji da rana, sukar yatsa ba ta karya azumi, kuma in ya sauka ƙasa da 70 a karya azumin da abu mai zaƙi nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba.

A ƙarshen Yulin wannan shekara sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Kayan Bagobiri daga Kano suke zuwa, sai shago ya fara bushewa, masu bashi suka taso shi gaba. Saƙon asuba ya fara gajarta, barkwanci ya fita daga ciki, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Na kira bai ɗauka ba, na sa matata ta nemo matarsa. Ta ce jikinsa ƙalau, amma ya daina fita, ba ya cin abinci sosai, yana zaune a ɗaki ba uhm ba uhm-uhm. Ba ni da kuɗin da zan fitar da shi. Abin da na iya, na kira ƙaninsa da ke Maraɗi na ce ya hau mota ya je ya gan shi da ido, ni kuma na karɓi saƙon asuba daga hannunsa, in yi ta tsokanarsa har sai ya rama. An buɗe iyaka a Maris na 2024, ya fara farfaɗowa a hankali, amma har yau shagon bai koma yadda yake ba.

Yanzu ina dab da shekara 50. Ciwon na nan, kuɗin insulin ya yi tashin gwauron zabi tun da darajar naira ta faɗi. Suga ya sake sauka mini, amma ban ƙara kaiwa inda na kai ba, don aljihuna ba ya rabuwa da ƙwayar sugan kwali da wata 'yar takarda da Hausa da Turanci da Yarbanci, mai cewa in an gan ni a ruɗe a ba ni abu mai zaƙi a kira wannan lamba.

Mu masu sugan kasuwa mun raba junanmu. Duk wanda ke kwana shi kaɗai akwai mai jin muryarsa kafin hantsi, kuma muryar muke so, don a rubutu ba a gane nauyin harshe. Kowa ya ba da lambar maƙwabcinsa na ƙofa. Dattijon nan mai barkono, bara aka gano shi ma yana da shi, aka ɗora shi a kan ƙwaya. Har yanzu bai yarda ya sa suga a aljihu ba, ya ce ba zai yi yawo da abin da ke kashe shi ba. Na gaji da yi masa bayani, sai na koma wajen yaron da ke kwana a rumfarsa, na ba shi kwalin suga na ce ya ɓoye, na koya masa alamomin. Ni ne mai kiran dattijon da safe, kuma yawanci faɗa yake yi mini wai ina cinye masa caji.